Makin Ɗa'a a Gasar Wasan Yaƙi na Tebur: Abokin Karawa Zai Bayar Ko Alƙali?

Duk mai shirin haɗa gasar wasan yaƙi na kan tebur, wasan nan da ake jera ƙananan mutum-mutumin sojoji da tankoki a faffaɗan tebur, a auna tafiyarsu da tef, a jefa dayis don a san harbin wa ya samu, akwai tambayar da ba zai tsallake ba tun kafin ya fitar da takardar dokoki: yaya za a yi da halin 'yan wasa? Za a ba shi maki ne? Idan za a ba shi, wa zai bayar? Kuma makin zai shiga lissafin wanda ya ɗauki kofi, ko zai tsaya a gefe?

Abin da ya ba tambayar nauyi shi ne yadda ake yin wasan. Ɗauki Warhammer 40,000, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987, kuma shi ne a yau ya fi tara jama'a a gasanni. Karawa ɗaya tana cin awa biyu da rabi zuwa uku. Mutum biyu ne kawai a tebur. Alƙali yana can yana zagaya tebura masu yawa, sai an kira shi yake zuwa. Kowa shi ke auna tafiyar sojojinsa, shi ke jefa dayis ɗinsa ya tsince waɗanda suka ci, shi ke faɗin abin da dokar rundunarsa ta ce, alhali sau da yawa abokin karawarsa bai taɓa buɗe littafin wannan runduna ba. Ƙarin rabin inci a kowane motsi ba ya bayyana ga ido, amma kafin a gama zagaye biyar yana iya juya sakamako. Asalin wasan ba haka yake ba. Kriegsspiel, wanda Reisswitz ya gabatar wa sojojin Furushiya a 1824, an gina shi ne a kan alƙali mai zama tsakani, shi ke yanke abin da ya faru a fagen daga. Wasannin yanzu sun cire wannan mutumin, suka ɗora aikinsa a wuyan 'yan wasan biyu. Duk wani tsarin makin ɗa'a ƙoƙari ne na cike wannan gurbi.

Hanyar da ta fi daɗewa, wadda kuma sabon mai shirya gasa ya fi saurin ɗauka, ita ce a miƙa wa kowane ɗan wasa takarda bayan an tashi daga tebur, ya ba abokin karawarsa maki daga 1 zuwa 5 ko zuwa 10. A ƙarshen gasa sai a tara, a haɗa da makin nasara da na kyawun fentin sojoji, a fitar da gwarzon gasa. Niyyar da ke bayan wannan tsari mai kyau ce, kuma ba na raina ta. Masu wannan ra'ayi suna cewa wasan ya wuce cin nasara kawai: mutum ya kashe watanni yana haɗa runduna yana mata fenti, ya biya kuɗin shiga, ya yi tafiya, bai kamata a ɗaga hannun wanda ya ɓata wa mutum biyar rana ba don kawai ya iya lissafi. Kuma gaskiya ne, wanda ya san hannun abokin karawarsa yana riƙe da wani ɓangare na makinsa yakan kama bakinsa.

Matsalar tana fitowa ne ranar da aka zauna lissafi. Yawancin mutane cikakken maki suke bayarwa, ko don kara, ko don ana cike takardar ne mutumin yana tsaye a gefe yana kwashe kayansa. Idan kusan kowa ya sami tara ko goma, makin ya daina bambanta mai hali da marar hali. Abin da ya rage yana bambanta mutane shi ne wanda ya yi rashin sa'ar haɗuwa da mai ƙullaci. A ce gasa ce mai karawa biyar, kowace karawa makin ɗa'a goma. Mutum biyu sun ci wasanninsu duka, dukansu sun yi mu'amala mai kyau. Na farko ya sami 48 cikin 50. Na biyu a karawa ta huɗu ya lallasa wani da ya ji zafin kayen, ya rubuta masa 2, sai ya tashi da 41. Tazarar maki bakwai ta raba su, kuma babu wanda zai iya nuna abin da na biyun ya yi ba daidai ba. Ba a kira shi an ji ta bakinsa ba, bai ma san wa ya yi masa ba. Hukunci ne ba tuhuma, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. 'Yan ƙungiya ɗaya idan suka haɗu a tebur sai su cika wa juna, kuma ba abin da zai hana mutum ya rage wa wanda yake ganin barazana ce ga abokinsa a saman jadawali. Tunda yawancin gasanni da tsarin Suwis suke haɗa 'yan wasa, inda mai nasara yake haɗuwa da mai nasara, masu neman kofin su ne ke karawa da juna a zagayen ƙarshe. Ke nan an ba kowannensu damar rage wa abokin takararsa maki a asirce, a daidai lokacin da hakan ya fi yi masa amfani. Ko da mutum tara cikin goma ba za su taɓa yi ba, tsarin da ke buƙatar kowa ya zama waliyyi kafin ya yi aiki ba tsari ba ne.

Amma abin da ya fi damuna da wannan hanya ba maguɗi ba ne. Mutane masu gaskiya ma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Wani yana auna ko an yi masa adalci. Wani yana auna ko ya ji daɗin wasan, kuma wanda aka share wa runduna a zagaye na biyu da wuya ya ce ya ji daɗi, ko da abokin karawarsa dattijon kirki ne. Wani kuma haushin rundunar yake ji, yana ganin an kawo jerin sojoji mai ƙarfi fiye da kima, sai ya huce a makin ɗa'a, alhali dokar gasa ce ta halatta jerin. Mai shiru-shiru, da wanda harshen da ake magana da shi a zauren ba nasa ba ne, da wanda bai iya raha da baƙo ba, duk suna asarar maki a kan abin da ba laifi ba ne. Mafi muni, tsarin yana koya wa mutane su daina kiran alƙali. Ka ga abokin karawarka ya karanta doka ba daidai ba, ka san idan ka ɗaga hannu zai ji ka tozarta shi, ka tuna takardarka tana hannunsa, sai ka haɗiye. Makin da aka kawo don kare gaskiya ya koma yana saye shirun wanda aka cuta.

Wanda duk da haka yake son ma'auni mai hawa-hawa, ya dubi yadda masu wasan jifan faifai na Ultimate suke yi, domin su ma 'yan wasa ne ke hukunta kansu. Hukumarsu ta duniya, WFDF, ta raba makin zuwa ɓangare biyar: sanin dokoki da aiki da su, ƙeta da taɓa jiki, adalci, kamun kai da kyakkyawar niyya, sai yadda ake magana da juna. Kowane ɓangare daga 0 zuwa 4 ne, kuma an bayyana cewa 2 shi ne wasa mai kyau na yau da kullum, don haka 10 cikin 20 ba zagi ba ne. Wannan ya bar wuri a sama don wanda ya yi abin yabo na musamman. Sannan kyautar ɗa'a daban take da kofin gasa. Darasi biyu ke nan, kuma na biyun ya fi na farko muhimmanci.

Hanya ta biyu gyara ce ga ta farko. Maimakon a ce wa mutum ya ba da maki yadda ransa ya so, sai a ba shi tambayoyi masu amsar e ko a'a. Ya zo a kan lokaci? Ya kawo jerin rundunarsa a rubuce da littafin dokokinta? Ya jefa dayis a fili inda kake gani? Ya auna tafiya yadda ka gamsu? Ya yi wasa da saurin da ya ba ku damar gamawa? Wannan ya fi, domin kowace amsa tana nuni ga abin da ya faru, kuma mai shirya gasa zai iya zuwa ya tambaya. Games Workshop sun bi irin wannan hanya a batun fenti: tun bugu na tara na dokokin Warhammer 40,000 da ya fito a 2020, runduna mai fenti daidai gwargwado tana samun maki 10 cikin 100 na karawa, ba a auna kyau, an yi ko ba a yi ba ne kawai. Gardamar ta ragu sosai. Sai dai hali ba fenti ba ne. Mutum zai iya cika duk tambayoyin nan biyar ya kuma zama wanda ba ka son sake zama da shi: mai huci duk sanda dayis ɗinka ya yi kyau, mai ɓoye maka wata dabarar rundunarsa har sai ka faɗa tarko duk da ka tambaye shi tun farko. Takardar tana kama sakaci, ba ta kama mugun nufi. Kuma idan aka ƙara tambayar nan ta "za ka so ka sake wasa da shi?", an dawo gidan jiya ta ƙofar baya.

Hanya ta uku ita ce ƙuri'ar wanda ka fi jin daɗin karawa da shi. Ba a cike komai bayan kowane wasa. Sai an gama gasa, kowa ya zaɓi mutum ɗaya cikin waɗanda ya haɗu da su. A wasu tarukan da ake yi a Warhammer World, cibiyar Games Workshop da ke Nottingham, ana amfani da irin wannan ƙuri'a. Kyawunta shi ne ba ta da wuƙa: kana iya ɗaga mutum, ba ka iya sare shi. Mai ƙullaci iyakarsa ya hana ƙuri'arsa, kuma da ma mutum huɗu cikin biyar ba za su same ta ba. Ana kuma kaɗa ta ne bayan zuciya ta huce. Rauninta na lissafi ne. Kowa ƙuri'a ɗaya yake bayarwa, don haka matsakaicin abin da mutum zai samu ɗaya ne, kuma a gasar yini ɗaya mai karawa uku ba wanda zai wuce uku. Kunnen doki zai yi yawa. Ana rage shi idan aka ce a zaɓi na ɗaya da na biyu, na ɗaya maki biyu, na biyu maki ɗaya. Akwai kuma son kai na ɗan Adam da ba a iya cirewa: wasan ƙarshe ya fi zama a rai, mai barkwanci ya fi mai kawaici samun ƙuri'a, kuma mutane sukan zaɓi wanda suka ci da ƙyar fiye da wanda ya cinye su. Duk wannan ba komai ba ne idan kyautar daban take. Yana zama matsala ne ranar da aka ce ƙuri'ar ce za ta raba gardama tsakanin na ɗaya da na biyu.

Abin lura shi ne ƙuri'ar ba ta gaya maka komai game da mugun ɗan wasa. Wanda ya cuci mutane da wanda kawai bai yi fice ba, dukansu sifili suke tashi da shi.

Nan ne hanya ta huɗu take shigowa, kuma ita ce na fi ganin an raina. Bayan kowace karawa, tambaya ɗaya ce a asirce: akwai matsala ko babu? Amsar ba maki ba ce, ba ta ƙara ba ta ragewa. Idan mutum ya ce akwai, dole ya faɗi abin da ya faru, alƙali kuma ya je ya ji ta bakin ɗayan. Ƙorafi ɗaya yana iya zama saɓani ne kawai tsakanin mutum biyu da jininsu bai haɗu ba. Ƙorafi biyu ko uku daga mutane daban-daban a kan mutum ɗaya kuwa magana ce, kuma alƙali ya san teburin da zai tsaya kusa da shi a zagaye na gaba. Tilasta bayani shi ke kashe ramuwar gayya, domin rubuta 2 a takarda abu ne mai sauƙi, amma tsayawa gaban alƙali ka ƙirƙiri laifi ba kowa ke iyawa ba. Kuɗin da ake biya a nan shi ne lokacin alƙalai, da kuma cewa masu kunya da yawa za su ce babu matsala don kada a yi ta jan magana. Maganinsa shi ne alƙali ya riƙa karɓar ƙorafi nesa da tebur, kuma a sanar tun safe cewa faɗin matsala taimakon gasa ne.

Ta biyar ita ce a bar maki gaba ɗaya, a rubuta dokar ɗa'a, a ba alƙalai kati. Manyan gasanni sun karkata nan. Tsarin ITC, wato jerin gasanni masu jadawalin maki ɗaya, wanda kamfanin Frontline Gaming masu shirya babbar gasar Las Vegas Open suka kafa, ya fito da rubutacciyar dokar ɗa'a mai katin gargaɗi da jan kati, irin yadda ƙwallon ƙafa take yi tun gasar cin kofin duniya ta 1970. Amfanin a fili yake: laifin a rubuce yake kafin a fara, hukuncin a rubuce yake, mai yankewa ba shi da abin da zai samu idan ka faɗi, kuma ana jin ta bakinka. Ga wani abin da ake mantawa: yawancin abin da ake kira rashin ɗa'a a tebur rigimar lokaci ce, wato mutum ya yi ta jan ƙafa don wasan ya ƙare a zagayen da yake kan gaba. Agogo mai fuska biyu irin na wasan ces, wanda ke raba lokacin gida biyu, ya kashe wannan rigima fiye da duk wata takardar maki, domin ya mayar da zargi ya zama lamba da kowa ke gani.

Wannan hanya ma tana da nata. Tana buƙatar alƙalai isassu, waɗanda suka san dokoki, kuma masu ƙarfin halin ɗaga kati ga sanannen ɗan wasa ko abokinsu. Dokar da aka rubuta ba a aiki da ita ta fi rashin doka ɓarna, domin kowa ya ga an kawar da kai. Sannan kati ƙasa yake tsarewa, ba ya ɗaga sama: yana hana mugunta, amma ba ya cewa komai ga mutumin da ya tuna maka ka manta ba ka yi harbi da wata ƙungiyar sojojinka ba, alhali shirunsa zai ba shi nasara. Kuma a yi hattara da mayar da katin ya zama abin raba gardama. A gasar cin kofin duniya ta 2018, Japan da Senegal sun yi daidai a maki da ƙwallaye da karawarsu da juna, sai Japan ta wuce saboda katin gargaɗi huɗu take da shi, Senegal shida. Alƙalai ne suka ba da katunan, ba abokan hamayya ba, don haka babu zancen ƙullaci. Duk da haka Japan ta ƙarasa mintunan ƙarshe na wasanta da Poland tana ta juya ƙwallo a baya, ana cin ta ɗaya da nema, don kada lissafin ya canza. Duk abin da aka ce zai kai mutum ga kofi, mutane za su yi masa dabara.

Idan aka jera hanyoyin nan biyar, abin da ke fitowa shi ne aiki biyu ake nema, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora su a kan ma'auni ɗaya. Aiki na farko hana cuta ne, wanda ke buƙatar shaida da mai hukunci marar son rai. Na biyu yabon mutumin kirki ne, wanda ba wanda ya san shi sai wanda ya zauna da shi awa uku. Abokin karawa ya dace da na biyu, bai dace da na farko ba. Shi ya sa ni a ganina, gasar da ake neman gwani a cikinta, mai yini biyu da karawa biyar ko fiye, ta ɗauki kati da agogo da tambayar nan ta akwai matsala ko babu, sannan ta ware kyauta mai daraja ga wanda ya fi samun ƙuri'a, a miƙa ta a gaban kowa kamar yadda ake miƙa kofin nasara. Kada maki ko ɗaya daga hannun abokin karawa ya taɓa jadawalin nasara.

Ƙaramar gasa ta yini ɗaya, mutum goma sha biyu ko sha shida da suka san juna, ba ta buƙatar wannan duka. Mai shiryawa yana ganin kowane tebur daga inda yake tsaye. Ƙuri'a mai zaɓi biyu ta isa, tare da magana ɗaya a takardar gayyata cewa mai shiryawa yana da ikon sallamar wanda ya ɓata wa mutane wasa.

Taron da aka shirya don labari da nishaɗi, inda tun farko aka sanar cewa ba gwanin yaƙi ake nema ba, shi kaɗai ne wurin da zan yarda ƙuri'ar ta shiga lissafin gwarzon taro, domin waɗanda suka zo sun san abin da suka zo yi. Ko a nan ma ƙuri'a ce za a yi amfani da ita, ba maki daga 1 zuwa 10 ba.

Kowace aka zaɓa, a rubuta ta a takardar dokoki kafin a fara sayar da tikiti, da misalai na abin da ake nufi: ko ana barin mutum ya janye motsin da ya riga ya yi, yadda za a yi da dayis ɗin da ya faɗi a karkace ko ya faɗo ƙasa, ko wajibi ne ka amsa gaskiya idan aka tambaye ka abin da rundunarka ke iya yi, da abin da zai faru idan lokaci ya ƙare ana tsakiyar zagaye. A ba 'yan wasa minti biyar kafin jefa dayis na farko su daidaita a kan waɗannan da kuma yadda za a ɗauki kowane gini da daji da ke tebur. Takardar ƙorafi ko ta ƙuri'a kuma kada a cike ta a gaban abokin karawa. A saka ta a akwati a teburin alƙalai, ko a tura ta waya, kuma alƙalin da yake da ɗan ƙungiyarsa a cikin rigima ya miƙa ta ga wani alƙalin.